Ɗan ramin da ya kusa kashe fatent ɗin hedifon mai bi ta ƙashi

Duk wanda ya taɓa shigar da takardar neman fatent, wato haƙƙin mallakar abin da mutum ya ƙirƙira, a Amurka ya san wannan ranar, ranar da amsar farko ta ofishin fatent na ƙasar, USPTO, ke shigowa, ka buɗe kana ta sa rai sai ka ga an jero da'awoyinka, wato jerin abubuwan da kake neman a mallaka maka, tun daga ta 1 har ta ƙarshe an ce duk an ƙi su a ƙarƙashin sashe na 103 na dokar fatent. Wato ba cewa aka yi wani ya riga ka ƙera abin ba, wancan sashe na 102 ne, cewa aka yi abin naka a fili yake, duk wani ma'aikacin fannin da ya san aikinsa da ya zauna da tsofaffin takardun ƙirƙira biyu ko uku zai haɗa shi da kansa. Wannan maganar tafi zafi wallahi, don mutum ya kwana biyu yana fama a ɗakin gwaji sai a ce masa ai kowa ma zai iya.

Fayil ɗin da zan bi a nan ba na wani kamfani ne takamaimai ba, na haɗa shi ne daga irin rigimar da ake yawan yi a wannan fannin, shi yasa babu sunan kowa a ciki. Amma dokokin da shari'o'in da za a ambata na gaske ne.

Mu fara da na'urar kanta don in ba a gane ta ba ba za a gane rigimar ba. Hedifon na yau da kullum iska yake turawa cikin kunne, iskar ta bugi dodon kunne, ƙananan ƙasusuwan nan uku su miƙa motsin zuwa can ciki inda wani abu mai siffar katantanwa yake maida shi saƙon jijiya. Shi kuwa mai bi ta ƙashi ba ruwansa da ramin kunne, a gaban kunne yake zama kan ƙashin kumatu, yana karkarwa, karkarwar ta bi ta ƙoƙon kai ta isa katantanwar kai tsaye. Kunnenka a buɗe yake kana jin mota kana jin mai kiranka, shi yasa masu gudu da masu keke suke son sa. Kuma dabarar tsohuwa ce tukuf, nan ne ma ciwon kan masu neman fatent yake. Tun ƙarni na 16 Girolamo Cardano ya rubuta cewa ana iya jin sauti ta sandar da aka ciza da haƙori, Hugo Gernsback ya fito da na'urar jinsa mai suna Osophone a 1923, kamfanin Sonotone ya sayar da na'urar taimakon ji mai bi ta ƙashi a farkon shekarun 1930, a 1977 kuma Anders Tjellström ya dasa wa mutum irin wadda ake kafawa a ƙashi a Gothenburg ta Suwidin, tabaran Google Glass ma na 2013 da wannan hanyar ya zo. To kaga jami'in da ke tantance takardarka yana da rumbu guda na tsofaffin takardu, duk inda ya miƙa hannu zai ciro wani abu.

Matsalar da ƙaramin kamfanin namu ya ce ya magance ita ce yoyon sauti. Abin da ke karkarwa a ciki, maganaɗisu ne da naɗin waya, ba fatar kumatunka kaɗai yake girgizawa ba, kwanson robar da ya rufe shi ma girgiza yake, kwanson kuma ya ture iskar da ke kewaye, sai na kusa da kai ya riƙa jin wani ɗan sis-sis na abin da kake saurare. Injiniyan ya lura da wani abu, idan kwanson ya matsa waje yana danne iskar waje, a daidai wannan lokacin iskar da ke cikin kwanson sassautawa take, wato igiyar sautin ciki da ta waje kishiyoyi ne, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Sai ya huda ɗan rami a bangon gefe, sautin ciki ya fito ya haɗu da na waje suka cinye juna, yoyon ya ragu sosai. Rami ɗaya kenan fa, ba batir ba lantarki ba ƙarin kuɗin ƙira.

Lauyan da ya rubuta musu takardar ya yi abin da lauyoyi suka saba, ya buɗe da'awa ta 1 iyakar buɗewa. Na'urar sauti mai bi ta ƙashi, mai kwanso, mai abin karkarwa a ciki, mai faifan da ke taɓa fata, da aƙalla rami ɗaya a jikin kwanson da zai fitar da sauti daga ciki zuwa waje. Shikenan. Maganar inda ramin yake da ragar da aka toshe shi da ita duk an tura su can ƙasa cikin bayanin, wasu ma ko da'awa ba a yi musu ba.

Jami'in tantancewa ya dawo da takardu biyu. Ta farko, mu kira ta takarda A, hedifon ne mai bi ta ƙashi sak, komai akwai, kwanso da abin karkarwa da faifai, sai dai a rufe yake ruf babu rami. Ta biyu, takarda B, iyafis ne na cikin kunne irin na kowa mai ɗan rami a bayan kwanso don daidaita matsin iska da gyara kaurin sauti. Sai ya rubuta jimlar nan da duk wanda ya taɓa karanta irin wannan takarda ya haddace, cewa da zai kasance a fili ga mai matsakaiciyar ƙwarewa a fannin, kafin ranar shigar da takardar, ya sa ramin B a kwanson A domin daidaita matsin iska a ciki. Da'awoyin da ke ƙasa kuma ya bi su ɗaya ɗaya ya ce zaɓin ƙira ne kawai.

Abin da yasa yake iya yin haka cikin sauƙi yana da tarihi. Tun 1851 Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Hotchkiss da Greenwood ta ce canza marikin ƙofa daga ƙarfe ko katako zuwa na tangaran aikin gwanin makaniki ne ba na mai ƙirƙira ba. Dokar 1952 ta zo ta rubuta wannan a matsayin sashe na 103, shari'ar Graham da John Deere ta 1966 kuma ta shimfiɗa yadda za a auna, a duba me tsofaffin takardu suka ƙunsa, a duba bambancinsu da abin da ake da'awa, a duba matakin ƙwarewar ma'aikacin fannin, sannan a duba shaidun gefe irin su karɓuwa a kasuwa ko daɗewar da mutane suka yi suna neman mafita sun kasa. Shekaru da yawa bayan nan kotun ɗaukaka ƙara ta riƙa matsa wa jami'ai sai sun nuna wata koyarwa ko shawara ko dalili na haɗa takardun, sai a 2007 shari'ar KSR da Teleflex, wadda akan fedar totur ɗin mota ce da aka haɗa da na'urar lantarki mai auna matsayinta, ta zo ta sassauta wannan. Mai shari'a Kennedy ne ya rubuta hukuncin kuma duka alƙalan sun yarda, abin da ya ce a taƙaice shi ne haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya a samu sakamakon da kowa zai yi tsammani yawanci a fili yake, kuma wannan mai matsakaiciyar ƙwarewar ba mutum-mutumi ba ne, yana da tasa ƴar basirar. Daga ranar aikin jami'i ya yi sauƙi na mai nema ya yi wuya.

Wata uku ake bayarwa a maida martani, ana iya ja har wata shida in za ka biya kuɗin ƙarin lokaci. Kuma martanin farko da suka tura gaskiya ɓata harsashi ne. Injiniyan ransa a ɓace yake, shi ya matsa a rubuta yadda yake ji, lauyan kuma ya biye masa. Suka ce takarda A ba ta da rami. Suka ce takarda B ba ta bi ta ƙashi ba ce. Suka ce ramin B don matsin iska ne namu don kashe yoyo ne, suka rufe da cewa jami'in ya riga ya ga amsa a takardarmu ne sannan ya koma baya yana tsinto gutsattsari. Ko harafi ɗaya ba su taɓa a da'awa ta 1 ba.

Duk ukun na farko jami'i yana da amsarsu a ajiye, kwafa kawai zai yi ya liƙa. Ba a kare kai ta hanyar sukar kowace takarda ita kaɗai alhali an ƙi ka ne akan haɗinsu, wannan tun shari'ar Keller ta 1981 aka gama shi, ai shi ma ya san A ba ta da rami shi yasa ya kawo B. Maganar manufa kuwa ita ce tafi ba injiniyoyi haushi kuma ita ce suka fi kasa haɗiyewa, doka ba ta ce sai dalilin jami'i ya zo ɗaya da naka ba. In akwai kowane dalili mai ma'ana da zai sa mutum ya huda kwanson A, ko da don matsin iska ne, kuma abin da ya fito ya faɗa cikin kalmomin da'awarka, to an gama, don da'awar cewa tayi rami mai fitar da sauti, kuma kowane rami yana fitar da sauti. Su da kansu suka buɗe ƙofar da faɗi har B ta shigo. Zancen hangen baya kuma gaskiya ne yana faruwa, KSR ɗin ma ta ja kunne a kai, amma faɗinsa kawai ba tare da nuna inda dalilin jami'in ya karye ba kamar kuka ne a gaban wanda ya saba jin kuka.

Sai ƙin ƙarshe ya zo. Sunan ne kawai ƙarshe, ba a rufe fayil ba, abin da yake nufi shi ne daga yanzu ba ka da ikon gyara da'awa yadda kake so sai ka sake biyan kuɗi ta hanyar RCE, wato neman a ci gaba da tantancewa, an buɗe sabon zagaye, ko ka ɗaukaka ƙara zuwa hukumar PTAB mai sauraron ƙararrakin fatent, wadda dokar 2011 ta kafa, inda alƙalai uku za su duba, kuma wannan layi ne mai tsawo.

A nan ne wata lauya a ofishin ta karɓi fayil ɗin ta yi abin da ya kamata a yi tun farko, ta zauna ta karanta takarda A daga farko har ƙarshe ba iya sakin layin da jami'i ya nuna ba. Ashe A don masu iyo da masu zufa aka yi ta, kuma a cikin bayaninta ta faɗa ƙarara cewa dole kwanson ya zama a rufe gam don duk wata kafa tana shigar da ruwa ta lalata naɗin waya, har ta ƙara da cewa buɗaɗɗen kwanso yana ƙara yoyon sauti. Wannan layin na ƙarshe zinari ne. Akwai ka'ida daga shari'ar Gordon ta 1984, inda ofis ya ɗauki wata ƴar matata mai tace datti daga man fetur ya ce a kifa ta kawai ta zama matatar jini da ake da'awa, kotu ta ce in ka kifa ta ba za ta ƙara yin aikin da aka yi ta dominsa ba, saboda haka babu dalilin da zai sa wani ya kifa ta. Haka nan in ka huda A ka kashe abin da A take taƙama da shi. Sai dai a lura, ba kowace takarda da ta zaɓi wata hanya ce ake cewa ta kore mutum daga taka hanyar ba, shari'ar Fulton ta 2004 ta ce sai in ta soki hanyar ko ta kushe ta ko ta hana. Da A shiru kawai tayi akan rami da wannan hujjar ba ta tsaya ba. Sa'arsu ta yi magana.

Ta nemi ganawa da jami'in ta bidiyo, abin da kyauta ne kuma mutane da yawa ba sa amfani da shi, ban san dalili ba. Wajen rabin awa ne. Ta nuna masa layin, ya yi shiru ya karanta, sai ya ce to ya gani amma shi zai iya sauke A ya ɗauko wata takardar mai bi ta ƙashi wadda ba ta damu da ruwa ba, irinsu da yawa, kuma da'awa ta 1 yadda take ɗin nan kowane rami ta kama. Ya ce in akwai wani abu game da inda ramin yake da ya bambanta shi da ramin iska na kowa, a sa shi a da'awa ya gani. Wannan ba ƙiyayya ba ce, hanya ya nuna musu.

To a nan kimiyyar ta shigo da gaske. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa cikin iska, saboda haka igiya mai bugu 1,000 a daƙiƙa tsawonta wajen santimita 34 ne, mai bugu 10,000 kuma santimita 3.4 kacal. A ƙananan bugu kwanson ɗan mitsitsi ne in aka gwada da tsawon igiyar, duk inda ka sa ramin sautin ciki da na waje za su haɗu a kishiyance su kashe juna. Amma da an hau sama zuwa siraran sautuka, waɗanda su ne ma kunnen na kusa da kai yafi kamawa, ƴar tazarar da sautin zai bi daga ciki zuwa bakin rami ta fara yin tasiri, ga kuma shi kansa kwanson da rami ya zama kamar kwalbar da ake hura bakinta, yana da wani bugu da yake amsa kuwwa a kai, kuma daga wannan bugun zuwa sama igiyar juyewa take, maimakon ta rage yoyo sai ta ƙara. Wato rami a inda bai dace ba yafi babu rami muni, abin da takarda A ta gani kenan ta ce a rufe. Abin da injiniyan ya gano na gaske ba rami ba ne, rami ne a ƙasan bangon gefe kusa da gindin kwanso inda girgizar tafi ture iska, an rufe shi da raga mai danne wannan kuwwar.

Tambayar da ta rage ita ce ko an rubuta wannan a takardar asali. Don ba a yarda ka ƙara sabon abu bayan ranar shigarwa, abin da ba ka faɗa ba a ranar ya tafi kenan, sai dai sabuwar takarda da sabuwar rana, kuma a lokacin taka takardar da aka wallafa bayan wata 18 tana iya zama makamin da za a buge ka da shi. Suka koma suka duba. Matsayin ramin yana nan a zane na uku da sakin layi ɗaya, ragar ma an ambace ta. Girman ramin da injiniyan ya fi so ya kare kuwa babu shi ko'ina, a littafinsa na ɗakin gwaji kawai yake, wannan dole aka haƙura da shi.

Suka biya RCE, suka gyara da'awa ta 1 ta ƙunshi matsayin ramin da ragar. Jami'in ya dawo da sabuwar takarda C a madadin A kamar yadda ya faɗa, ya ce matsar da rami sama ko ƙasa ai lalube ne na yau da kullum har a dace, ya jingina da shari'ar Aller ta 1955 mai cewa gano mafi kyawun ma'auni ta gwajin da aka saba ba ƙirƙira ba ne. Amsar wannan tana cikin shari'ar Antonie ta 1977, cewa kafin a ce mutum zai yi ta lalube akan wani ma'auni sai an nuna an san wannan ma'aunin yana da tasiri akan sakamakon, kuma babu inda B ko C suka ce wurin rami yana da alaƙa da yoyo, B ma ko kalmar yoyo ba ta ambata ba. Bayan KSR wannan hujjar ta ɗan yi rauni don jami'i na iya cewa akwai wasu dalilan gwadawa, shi yasa lauyar ba ta tsaya nan ba.

Ta sa injiniyan ya koma ɗakin gwaji ya ƙera samfuri uku, na C a rufe, na C da ramin B a bayan kwanso yadda jami'i ya ce a haɗa, da nasu, ya auna yoyon kowanne da makirfo a tazara ɗaya, ya rubuta takardar shaida ya sa hannu a ƙarƙashin ka'idar ofishin ta 1.132. Wannan yana da muhimmanci don maganar lauya a cikin martani ba shaida ba ce komai daɗinta, sai an kawo awo daga wanda ya sa hannu yana sane da hukuncin ƙarya, kuma dole a gwada da abin da yafi kusa a tsofaffin takardu ba da wani lalataccen samfuri da ka zaɓa don ka yi nasara ba. Zanen awon ya nuna haɗin da jami'i ya ba da shawara ya fi rufaffen yoyo a siraran sautuka, nasu kuma ya sauka ƙasa da duka biyun. Manajan kamfanin ya so a haɗa da alƙaluman ciniki ma don hedifon ɗin yana tafiya a kasuwa, ta hana, ta ce sai mun iya nuna saboda ramin ake saye ba saboda farashi ko talla ko launi ba, in ba haka ba jami'i zai ce babu alaƙa ya watsar, kuma mun ba abokan hamayya bayanan cinikinmu a banza tunda fayil ɗin kowa na iya buɗewa a intanet.

Takardar amincewa ta zo bayan wannan. Ni dai a ganina jami'in bai zalunce su ba a zagayen farko, da'awar da suka shigar da gaske ta fi abin da suka gano faɗi, inda zan ɗan soke shi shi ne ya ɗauki A bai karanta ta duka ba ko ya karanta ya ƙyale, amma mutumin da aka ƙayyade wa awoyi kan kowane fayil haka zai riƙa yi. Da a Turai ne a ofishin fatent na Turai, EPO, da ke Munich, da tun farko za a tambaye su wace matsala ta fasaha bambancin ya warware in aka gwada da takarda mafi kusa, wataƙila da sun isa maganar wurin rami da wuri.

Fatent ɗin da suka samu shekara 20 ne daga ranar shigarwa ba daga ranar bayarwa ba, saboda haka shekarun da aka ci ana ja-in-ja daga nasu aka cire, sai ɗan abin da ofis ke ramawa in jinkirin daga wajensa ne. Kuma duk abin da suka faɗa don su tsallake yana nan a fayil zai bi su. Tunda sun taƙaita da'awa zuwa ƙasan bangon gefe don kauce wa B, hukuncin Festo na 2002 ya sa da wuya su dawo gobe su ce wanda ya huda nasa ramin a wani wuri ma ya taka musu haƙƙi. Shi yasa kafin a buga fatent ɗin lauyar ta shigar da takardar ci gaba mai riƙe da ranar asali, ta bar ta a buɗe, tana jira ta ga inda masu kwaikwayo za su huda nasu ramin sannan ta duba ko zane na uku zai iya ɗaukar da'awar da za ta kai can.